WAI ME MUKA HAƊA DA RIGIMAR MADRID DA BARCELONA?

Ɗan'uwa, in ka ratsa Kawo ko Unguwar Shanu ko Tudun Wada a makon da Real Madrid za ta kara da Barcelona, sai ka rantse yaƙi ne ya tunkaro garin Kaduna. Tun ranar Litinin an rubuta da alli a allon gidan kallo. A teburin mai shayi zancen kenan, a cikin Keke zancen kenan. Masu shirin wasanni a rediyo sun buɗe layi, wai a bugo a faɗi wanda zai ci. Kwana shida ana kururuwa a kan wasan minti 90!

To wa ya kunna wannan wuta, kuma wa ke jin ɗuminta?

Su mutanen Sifaniya sun san dalilin gabarsu. Barcelona ƙungiyar 'yan yankin Kataloniya ce, masu harshensu daban. A 1936 sojojin ɓangaren Janar Franco suka harbe shugaban ƙungiyar, Josep Sunyol. Da Franco ya kama mulki a 1939 ya danne harshen nasu har ya mutu a 1975, filin ƙwallo ya zama inda suke huce haushinsu a kan Madrid. Wannan jini ne da tarihi. Kai kuma ɗan Badarawa, wane kakanka aka kashe a Kataloniya da har za ka daina gaisawa da abokin da kuka tashi tare saboda riga?

Abin da ba a faɗa maka shi ne, kururuwar nan haja ce. Mai tashar tauraron ɗan'adam yana son a biya kuɗin wata. Mai gidan kallo yana son benci ya cika, shi kam ma da sauƙi, abincinsa yake nema. Babban mai cin riba yana can gefe ya yi shiru: shagon caca. Duk “sharhin masana” da ake ta yi maka, wane ya ji rauni, wane zai fara, wane zai ci ƙwallon farko, amfaninsa ɗaya ne, ka ji a ranka cewa ka san abin da zai faru. Wanda ya ji ya sani kuwa shi ke yankar tikiti. Ba a ɓoye abin yake ba. Daga 2007 zuwa 2013 sunan kamfanin caca na bwin ne ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigar Real Madrid, yaranmu suka saya a gwanjo suna yawo da shi har cikin sahu. Ita gwamnatin Sifaniya da ta ga ɓarnar a kan 'ya'yanta, ta kafa doka a 2020 ta hana tallar caca a rigunan ƙungiyoyinta. Mu nan sai ƙara buɗe shagunan ake yi a lungu.

A layinmu akwai yaron da ke koyon ɗinki. Kuɗin da wani ya bayar na yadin Sallah ya kwasa ya zuba, don duk wanda ya saurara a makon ya ce masa wasan a hannu yake. Yau maigidansa ya sallame shi, mahaifiyarsa ce ke biyan bashin kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka zuga shi ko jaje ba su je ba.

Kar a ce wasa ne kawai. A watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na kofin Turai, wani magoyin bayan United a Jihar Ribas ya afka da motar bas cikin masu murna, mutum 4 suka mutu. Inna lillahi! Ba wanda ya san sunansu a Ingila.

Ni ban ce ƙwallo laifi ba ce. Ku buga, jiki na so. Garin nan ma yana da nasa tarihin: a 1988 Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi, Bizerte ta Tunisiya ce ta tare ta. Kaduna United ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010. Filin Ahmadu Bello ya karɓi gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009. Tambayi mai ihun nan na gidan kallo ya kawo maka sunan ɗan wasan Bees guda ɗaya. Amma albashin ɗan Madrid, har na mako zai lissafo maka, alhali kuɗin shiga kallon ma rance ya yi.

Ranar Litinin ka sake bi ta ƙofar gidan kallon. Tikitocin da suka ƙone na zube a kwata, an goge allo da tsumma, an riga an rubuta wasa na gaba.