Albashi Ya Ƙaru, Mai Gidan Haya Ma Ya Ji

Ran nan bayan an tashi sujada wata uwa ta tare mu a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ku kam kun warke, tun da an ce ba mai karɓar ƙasa da naira 70,000 yanzu." Muka yi murmushi kawai. Baiwar Allah ba ta tuna ba cewa mu malaman makarantar ikilisiya ba gwamnati ke biyanmu ba. Kuɗin makarantar da ita kanta take kawowa kowane zango, shi ne albashinmu. Wannan magana tata ce ta sa muka ga ya kamata mu taɓa zancen ƙarin albashi a wannan wata.

Mu dai ba mu ga zamanin Udoji ba, amma mun sha labarinsa a bakin iyayenmu. A 1974 ne kwamitin Cif Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa, aka yi wa ma'aikata babban ƙari, har da ariyas na watanni da yawa da aka biya gaba ɗaya. Aka shiga sayen rediyo da keke da babur. To, kuɗi sun yi yawa a hannu, kaya kuwa ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi. A 1975 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Manomin Wamakko bai sami Udoji ba, amma ya sayi gishiri da kananzir a farashin Udoji.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya ta fara ne a 1981, zamanin Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharmu, bayan ƙungiyar ƙwadago ta yi yajin aiki. Naira 125 aka yanka a wata, watau kimanin dalar Amurka 200 a lokacin. Aka kai naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000. A ranar da aka sa hannun, kuɗin nan ba su kai dala 50 ba, ba su kuma isa sayen babban buhun shinkafa guda ba.

Sai dai kada mu ɗora wa ƙarin 2024 laifin da ba nasa ba. A zamanin Udoji albashi ne ya yi gaba, farashi ya bi shi. A wannan karo farashi ne ya riga. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na abinci suka ninka tun ma'aikaci yana kan naira 30,000. Masu cewa da ba a yi ƙarin ba da kaya sun yi sauƙi, ba su yi wa ma'aikaci adalci ba.

Legas, inda haya ke cinye mutum, ta yanka wa ma'aikatanta naira 85,000. Jihar Sakkwato ta fara biyan naira 70,000 daga Janairun 2025. Garinmu bai kai Legas tsada ba, amma zaman birni zaman saye ne. Masinjan da ke aiki a ƙauyensu yana da ɗakin gado, da rijiya, da 'yar gona. Takwaransa na Mabera ko Arkilla kuwa zai biya haya, ya sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ya hau kabu-kabu safe da yamma. Kuma duk waɗannan suna sauraron rediyo. Mai gidan haya ba ya tambaya ko kai ma'aikacin gwamnati ne. Ya ji an ce an yi ƙari, shi ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma san da zaman yaron shago, ko tela, ko mai tallan ƙosai ba, alhali su ne suka fi yawa a garin nan. Wasunsu sun ɗan samu, gama kuɗin ma'aikaci a Babbar Kasuwa suke ƙarewa, kuma ɗan kabu-kabu yana iya ƙara kuɗin hawa yau yau. Wanda abin ya fi ƙuntata wa shi ne mai ƙaramin albashi a ƙaramin wuri, wanda ba ya iya ƙara wa kansa ko kwabo: mai gadin coci, akawun kanti, da malamin ƙaramar makaranta.

Bari mu yi lissafi, tun da aikinmu ne. A ce makaranta tana da malamai 12 da yara 300, tana so ta ƙara wa kowane malami naira 20,000 a wata. A shekara ya kama naira 2,880,000. In aka raba wa yaran, kowane yaro naira 9,600 a shekara, watau 3,200 a zango. Ga mai 'ya'ya huɗu wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun sani, gama mu ma iyaye ne. In kuwa ba a ƙara ba, malaman kirki za su tafi ɗaya bayan ɗaya, a haɗa aji biyu a ba mutum guda. Mun ga wani abokin aikinmu, gwanin lissafi, ya ajiye alli ya koma sayar da katin waya. Ba wanda ya rubuta wannan asara a takardar kuɗin makaranta, amma yaran ne suka biya.

A ganinmu gara a ƙara kuɗin kaɗan kaɗan, a fili, da a yi shiru makaranta ta lalace. Kwamitin makaranta ya kawo littafin kuɗi gaban iyaye, a ga abin da ke shiga da abin da ke fita, a kuma tsai da yadda za a sauƙaƙa wa gwauraye da masu 'ya'ya da yawa. Uwar nan da ta tare mu, mun gayyace ta taron iyaye na zango mai zuwa, ta ce za ta zo da mijinta.