A Bar Matasanmu Su Hau Tsaunukan Ingila

Duk lokacin da mu matasa muka kawo maganar gudun tsaunuka a taron al'umma a nan Manchester, sai dattawanmu su yi dariya. Wai wane mai hankali ne zai bar ɗaki mai ɗumi ya tafi yana tsere da tumaki cikin ruwan sama? Muna girmama iyayenmu, amma a wannan magana muna roƙon su saurare mu.

Wannan wasa asalinsa na talakawa ne. Makiyaya da masu fasa dutse na arewacin Ingila ne suka raya shi tun ƙarni na 19, a bukukuwan ƙauye irin na Grasmere, inda ake hawa tsauni a guje a sauko a guje. A 1932 wani mai gidan saukar baƙi a Keswick, Bob Graham, ya hau ƙololuwa 42 a yankin Lake District cikin awa 23 da minti 39, tafiyar kusan mil 66. Har yau zagayen yana ɗauke da sunansa, kuma sharaɗin bai canza ba: ka tashi daga Moot Hall a tsakiyar Keswick, ka dawo nan kafin awa 24 ta cika.

Gwarzon da ya fi burge mu shi ne Joss Naylor, makiyayin tumaki daga Wasdale. Tun yana yaro yake fama da ciwon baya, har sai da aka yi masa tiyata. Duk da haka a 1975 ya hau ƙololuwa 72 cikin ƙasa da awa 24. A 1986, yana da shekara 50, ya gama tsaunuka 214 na jerin Wainwright cikin kwana bakwai da awa ɗaya da minti 25. Da ya cika 70 kuwa, sai ya hau 70. Ya rasu a 2024. Jama'a, wannan fa mutum ne da idan ya sauko daga dutse garkensa yake komawa, kamar dai kakannin wasunmu. Billy Bland shi ma ɗan ƙauye ne, daga Borrowdale; awa 13 da minti 53 da ya yi a zagayen Bob Graham a 1982 ta gagari kowa shekara 36, sai a 2018 Kilian Jornet na Sifen ya karya ta.

Ga 'yan'uwanmu mata kuma, akwai Jasmin Paris, likitar dabbobi. A 2019 ta doke maza da mata baki ɗaya a tseren Spine mai mil 268 cikin tsananin hunturu, alhali tana tsayawa a hanya tana tatsar nono saboda jaririyarta.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne ciwon suga da hawan jini sun yi mana katutu a gidaje, ƙannenmu kuma daga makaranta sai kujera da waya. An haife mu a ƙasar nan, amma da yawanmu ba su san komai nata ba sai titi da kanti. Daga Manchester zuwa Edale, a gindin tsaunukan Peak District, jirgin ƙasa ba ya cin awa ɗaya.

Wani hanzari ba gudu ba, tsoron iyayenmu yana da tushe. Hazo kan rufe dutse cikin minti kaɗan, sanyi kan kashe, kuma an taɓa rasa rayuka a wannan wasa. Shi ya sa a dogayen tsere ake tilasta wa kowa ɗaukar taswira, kamfas, usur, rigar ruwa da abinci. Akwai kuma kallon da ake yi wa baƙar fata a wasu ƙauyuka, wanda ba za mu ɓoye ba. Amma ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers da Black Trail Runners, waɗanda aka kafa a 2020, sun riga sun buɗe hanya, kuma sallah a kan tsauni ba ta gagari kowa ba.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba: shugabanni su ba mu aron motar al'umma ranar Asabar ɗaya a wata bayan sallar asuba, a haɗa mu da jagora wanda ya san hanya, dattijo ɗaya ko biyu su raka mu. Da tafiya za mu fara tukuna, gudu sai ƙafa ta saba.