BORI BAI MUTU DA DOKA BA, ILMI NE ZAI KASHE SHI

 Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani al'amari da muke ɗauka ya riga ya wuce, alhali kuwa sauya mazauni kawai ya yi, wato bori. Tun daga shekarar 2000, lokacin da Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a, aka daina jin garaya a dandali kamar da, sai dai duk wanda ya san karkarar Baure da Zango, inda iyakar Nijar take kusa, ya san cewa wasan ya koma cikin gidaje ne, wani kuma ya tsallaka iyaka.

Kafin mu yi hukunci ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Bori yana da shugabanni da matakai. Akwai Sarkin Bori da Magajiya, akwai uban girka ko uwar girka, akwai makaɗan garaya da goge da masu kaɗa buta ko ƙwarya, sannan ga dawaki, wato mutanen da ake cewa iskoki suna hawa. Marar lafiyar da aka ce iska ta taɓa shi, tsare shi ake yi kamar kwana bakwai ana girka shi da turare da jiƙe-jiƙe, a yanka dabba mai launin da aka ce iskar tana so. Ranar wasa kowace iska da takenta da tufafinta da irin motsinta. Malam Alhaji duƙawa yake yi kamar tsoho yana tari yana jan carbi. Ɗan Galadima zaman 'yan sarki yake yi yana rabon kuɗi. Kuturu yakan naɗe yatsu yana jan jiki, Sarkin Rafi kuwa sai tsalle da faɗuwa da dukan jiki. In an gama, dokin ya yi atishawa, a ce iska ta sauka.

Wannan tsari shi ne yake ruɗin mutane, har wani ya ce abin da aka tsara haka ba zai zama banza ba. To, amsar ita ce tsari ba hujja ba ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Aleister Crowley ya yi da'awar cewa a Alƙahira, cikin watan Afrilu na 1904, wata halitta mai suna Aiwass ta yi masa shiftar littafi, ya kafa addinin da ya kira Thelema a kansa. A 1913, yana birnin Mosko, ya rubuta wa mabiyansa wata hidimar bauta mai ma'aikata biyar: limami riƙe da mashi, limamiya mai takobi, mai hidima ɗaya, da yara biyu, ɗaya cikin farin tufafi ɗaya cikin baƙi. Ya ƙayyade wa kowannensu inda zai tsaya da yadda zai zagaya da lokacin da zai durƙusa. Mutumin ya mutu a 1947, amma har yau akwai masu bin wannan tsari a Turai da Amurka. Ashe ke nan ɗan Adam yana iya tsara motsi ya ƙawata shi ya kira shi ibada, ko da digiri ko babu. Abin tambaya shi ne wa aka nufa da shi, wa kuma ya yi umarni da shi. Tsayuwa da ruku'u da sujada a salla mun karɓe su ne daga Manzon Allah (S.A.W.), kuma Allah kaɗai ake nufi da su. Yanka don aljani kuwa, da neman tsarinsa, shirka ce, wal'iyazu billahi. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta bayyana cewa masu neman tsarin aljannu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala.

To, me ya sa abin ya ƙi ƙarewa? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi haɗa Musulunci da al'adun tsafi tun kafin jihadin 1804. Turawan mulkin mallaka ma sun hana wasan, wa'azi kuma bai tsaya ba tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Dalilin daɗewarsa, a ganina, shi ne mafi yawan masu zuwa wurin 'yan bori mata ne marasa lafiya: mai farfaɗiya, da wadda hankalinta ya rikice bayan haihuwa, da wadda rashin haihuwa ko zaman kishi ya hana ta barci. A can ana sauraronta, ana ba ciwonta suna, ana kewaye ta da mutane. A wajenmu kuwa sau da yawa zagi kawai take samu. Ai rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane wannan. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato mata dattijai masu kai karatu ƙauyuka, ta ba su malfa irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, take sawa. Matan karkara suka ga alamar shugabancin da suka saba gani, amma a wannan karon tauhidi da tsarki da salla take kawo musu. Wannan shi ne tafarkin da ya dace da mu.

Akwai kuma gyaran da ya shafi cikin gidanmu. Wasu masu da'awar ruƙiyya sun mayar da ita bori da rawani. Suna tara jama'a, suna hira da aljani, suna tambayarsa sunansa da wanda ya aiko shi, suna gaskata maganarsa har a raba zumunci a kanta, wani ma ya doki marar lafiya da sunan dukan aljani. Ruƙiyyar da Sunna ta zo da ita karatun Alƙur'ani ce da addu'o'in da suka inganta, tare da sakankancewa cewa Allah ne Mai warkarwa, kuma mutum yana iya yi wa kansa da iyalinsa.

Saboda haka ina kira ga malamai da limamai na ƙasar Daura baki ɗaya, su buɗe makarantun matan aure a kowace unguwa, su horar da malamai mata masu shiga gidaje. Magidanta su sani cewa farfaɗiya da taɓin hankali cututtuka ne masu magani, kuma kuɗin akuya da turare da makaɗa zai isa a kai mace asibitin Daura, in ta kama har Dawanau a Kano. Mawadata su ɗauki nauyin wanda ba shi da hali, domin kuwa Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cika da kalmar shahada, amin.