Kwas ɗin koyon intanet: A fara da wayar hannu da kalmar sirri

A kusan kowace kasuwar waya a Arewa, tun daga Farm Centre a Kano har zuwa ƙananan shagunan caji na ƙauye, akwai sana'ar buɗe wa mutane imel. Mutum zai sayi sabuwar waya, ya miƙa wa yaron shago, yaron ya ƙirƙiri adireshi, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya sauke WhatsApp da Facebook da TikTok, ya karɓi ladansa. Sau da yawa mai wayar yakan tafi gida bai san adireshin imel ɗinsa ba, balle kalmar sirrin.

Ba a ganin illar wannan sai ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. A ranar ne ake gane cewa lambobin abokan ciniki da hotunan iyali da takardun makaranta duk suna cikin wani ɗaki da makullinsa ke hannun wani, wanda shi ma ya daɗe da mantawa.

Irin waɗannan mutane ne suka fi buƙatar kwas ɗin koyon intanet na matakin farko. Matsalar ita ce cibiyoyi da dama har yanzu suna farawa da zana sassan kwamfuta a allo, sannan a shafe makonni ana koyon Word da Excel a kan kwamfutar da ɗalibin ba shi da irinta a gida. Ya kamata a juya tsarin: a fara da wayar da ke aljihun mai koyo, a yi bayani da Hausa, darasin farko kuma ya zama yadda mutum zai mallaki asusunsa da kansa.

Abin ya wuce hira da kallon bidiyo

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajista. Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014. A watan Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da NIN. A watan Mayun 2024 asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND ya buɗe shafinsa na karɓar buƙatu. Neman fasfo da neman aikin soja ko ɗan sanda duk a intanet suke farawa.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura hatta mai shayi da mai kayan miya ga karɓar kuɗi ta waya. Da yawa sun shiga harkar ne a kan dole, ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu komai ba. Wanda bai iya ba sai ya biya wani ya yi masa, kuma duk lokacin da ya yi hakan yana miƙa sunansa da ranar haihuwarsa da lambobinsa ga wanda bai sani ba.

Darasin farko: makulli a hannun mai ɗaki

A makon farko, kowane ɗalibi ya buɗe imel da yatsunsa, malami na tsaye yana kallo kawai. Ya zaɓi kalmar sirri mai tsawo wadda ba shekarar haihuwarsa ba ce, ba kuma lambar wayarsa ko sunan ɗansa ba. Ya fita daga asusun ya sake shiga, har sai hannunsa ya saba. Wanda ke tsoron mantuwa ya rubuta a littafi ya adana a gida, inda yake ajiye takardun fili.

Daga nan a nuna masa yadda ake sa lambar wayar da za ta taimaka wajen dawo da asusu idan an manta kalmar sirri. A nan ne zai fahimci darajar layinsa. Kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, don haka wanda ya jefar da tsohon layin da ya yi rajistar banki ko JAMB da shi yana iya wayar gari saƙonninsa na zuwa wayar baƙo.

A wannan mako dai ya kamata a kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, wato lambobi shida da mai asusu kaɗai ya sani. Aikin ba ya cin minti biyar, amma yana toshe hanyar da ake bi a ƙwace asusun mutum a riƙa roƙon kuɗi a wajen 'yan uwansa da sunansa.

Darasi na biyu: kuɗi

Ƙa'ida ɗaya ta fi komai muhimmanci a nan: banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa ko lambar OTP da aka turo masa. Duk mai kira ya ce za a rufe asusu idan ba a karanto masa lamba yanzu-yanzu ba, ɗan damfara ne, ko da ya ambaci cikakken sunan mai asusun. Gaggawar da yake ɗorawa ita ce makaminsa.

Malami nagari ba zai tsaya ga faɗa da baki ba. Zai raba ɗalibai bibbiyu, ɗaya ya zama mai kiran, ɗaya mai asusu, a gwada yadda ake katse waya ba tare da jin kunya ba. Mutumin da aka tarbiyyantar a kan kada ya katse babba yana magana yana buƙatar ya gwada wannan a aji kafin ya gamu da shi a zahiri.

Ɗan kasuwa kuma ya koyi cewa saƙon tes ko hoton rasit ba su ne shaidar shigar kuɗi ba, sai ya buɗe manhajar bankinsa ya ga adadin ya ƙaru. Kowa ya san hanyar rufe asusunsa cikin gaggawa idan waya ta ɓata, ya kuma san ana duba BVN ta *565*0#, NIN kuma ta *346#, ba sai ya je shago ba.

Sai batun riba mai sauƙi. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025. Sama da shekara takwas tsakani, salon bai sauya ba: alƙawarin ninka kuɗi cikin ɗan lokaci, da ladan kawo sabbin mutane. Kwas ɗin da ya koya wa mutum gane waɗannan alamu biyu ya biya kuɗinsa.

Darasi na uku: nema da tantancewa

Ga mutane da dama, intanet ta tsaya ne a kan abin da aka turo musu. Ba su taɓa buɗe Google sun nemi wani abu da kansu ba. Don haka a koya musu bincike da abin da ya dame su: farashin taki, ranar rufe rajistar jarrabawa, adireshin ofishin fasfo mafi kusa.

A kuma koya musu karanta adireshin shafi kafin su latsa. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya galibi suna ƙarewa ne da .gov.ng, na jami'o'i kuma .edu.ng. Saƙon da ya ce ana rabon tallafi ko data kyauta, amma sai an tura shi ga zaurukan WhatsApp goma kafin a samu, tarko ne na tattara bayanai. Haka bidiyon rikici: a duba ranar da aka fara wallafa shi da inda ya fito kafin a tura gaba, domin tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya tayar da hankalin gari guda.

Masu ganin akasin haka

Wasu na cewa ai yaran yanzu sun iya waya, ba sa buƙatar kwas. Saurin yatsa a TikTok daban, iya haɗa takarda a imel ko rage nauyin hoto don shafin rajista daban. Layin matasa a shagunan intanet lokacin rajistar JAMB ya isa shaida.

Wasu kuma na cewa koyarwa da Hausa za ta taƙaita ɗalibi, tunda rubutun da ke cikin waya da manhajojin banki da Turanci yake. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, kuma dole ɗalibi ya haddace 'yan kalmomin da zai riƙa gani a fuskar wayarsa. Amma bayanin dalili, kamar me ya sa ba a bayar da OTP, sai da harshen da mutum ke tunani da shi yake zama a kai. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hausa aka yi shi, haka azuzuwan Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980.

Nauyin da ke kan hukumomi da mai koyo

Hukumar NITDA ta sa wa kanta burin kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su iya amfani da fasahar zamani zuwa 2027, kashi 95 kuma zuwa 2030. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 yana horar da masu rubuta manhaja da masu nazarin bayanai. Ana buƙatar su, sai dai ba za a kai kashi 95 ta wannan hanya kaɗai ba. Sauran jama'a suna kasuwa da gona da cikin gida. Jihohi na da azuzuwan ilimin manya, unguwanni na da Islamiyyun matan aure da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Awa biyu a mako, da malamai mata ga mata, za su kai inda cibiyar kwamfuta ba ta kaiwa.

Shi kuma mai niyyar shiga kwas, kafin ya biya kuɗi ya tambaya: da wayata zan koya? Ni zan riƙa latsawa ko malami? Ɗalibai nawa ne a aji? Takardar shaida kada ta ruɗe shi. Gwajin gaskiya shi ne ranar kammalawa ya iya shiga imel ɗinsa a wata wayar, ya tura takarda, ya fita, ba tare da ya kira kowa ba. Gemu ba ya hana ilimi, kuma mai shekara sittin da ya iya wannan ya fi matashi mai mabiya dubu goma da bai san kalmar sirrinsa ba kwanciyar hankali.