Darasin Busang Ga Mai Son Sayen Hannun Jarin Zinare

Duk saurayin da ke shirin zuba ɗan abin da ya tara a hannun jarin kamfanin neman zinare, ya tsaya ya ji labarin Bre-X tukuna.

Bre-X ƙaramin kamfani ne na birnin Kalgari a Kanada. A 1993 ya samu wani fili a Busang, cikin dajin Kalimantan na Indunusiya. Daga 1995 sai sakamakon gwaji ya yi ta fitowa, kowanne ya fi na baya daɗin ji, har aka ce akwai zinare kimanin oza miliyan 70 a wurin. Hannun jarin da a da ake saye da 'yan kwabbai ya haura dalar Kanada 280 a 1996. Talakawa suka yi ruguguwar saye, har da asusun fansho na malaman makarantar Ontariyo.

Ashe duk bogi ne! Barbaɗa garin zinare ake yi a kan dakakken dutse kafin a kai ɗakin gwaji. A watan Maris na 1997 kamfanin Freeport ya haƙa nasa ramukan dab da nasu, bai ga abin kirki ba. A watan ne kuma Michael de Guzman, masanin duwatsun Bre-X, ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu. Zuwa Mayu takardun ba su da sauran daraja.

Abin takaici, alamun suna nan tun farko. A ƙa'ida, in an haƙo sandar dutse daga ƙasa, tsaga ta ake yi biyu, a gwada rabi, a ajiye rabi domin mai son tantancewa. Bre-X niƙe duka yake yi. Ƙwayoyin zinaren ma masu sulɓi ne irin waɗanda ruwan rafi ya goge. Amma wa zai tsaya tambaya alhali farashi yana hawa kullum?

Ni a ganina nan ne ƙaramin mai jari ke faɗawa rami: yana ɗaukar hauhawar farashi a matsayin shaidar akwai zinare, alhali shaida ce kawai ta yawan masu saye. Ko a kamfani mai gaskiya, ɗan'uwa, ka duba irin samfurin. Dutsen da aka tsinta da hannu a sarari yana iya nuna giram 30 a tan ɗaya, domin mai ƙyallin aka zaɓa, kamar yadda mai tumatir ke jera manya a saman kwando. Abin dubawa shi ne haƙa mai zurfi: ramuka nawa, faɗin jijiyar mita nawa, wa ya gwada, an maimaita a wani ɗakin gwajin? Ma'adinai da dama da giram 1 ko 2 suke cin riba, saboda yalwar dutsen.

Bayan wannan badaƙala Kanada ta kafa dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta sa hannun ƙwararre a kan rahoton haƙa. John Felderhof, jami'in Bre-X da aka gurfanar, kotu ta wanke shi a 2007.