Lakabin "Ƙaramin Haɗari" Ba Shaidar Lafiyar Madatsa Ba Ne

A Amurka akwai madatsun ruwa fiye da 90,000 a rajistar gwamnati, kuma mafi yawansu ba na hukuma ba ne. Da dama tudun ƙasa ne kawai da wani mai gona ko wata ƙungiya ta tare rafi da shi don kamun kifi da shaƙatawa. Hukumomi suna kasa su gida uku: mai babban haɗari, matsakaici da ƙarami. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, wannan rabo ba ya duba ƙarfin madatsa ko lalacewarta. Tambaya ɗaya yake amsawa: idan ta ɓalle, wa ruwan zai ci? In ana tsammanin asarar rai, ta shiga sahun farko; in gonar mai ita kaɗai zai ci, ta faɗa na ƙarshe. A ganina, barin wannan lakabi ya yi shekara da shekaru ba a sake duba shi ba ganganci ne.

Dalili kuwa, madatsa tana nan inda take, amma ƙasan kwari yana canjawa. Inda da daji ne, yau gidaje ne da hanyar mota, takarda kuma tana nan tana cewa babu kowa. Ita ma madatsar ƙasa tsufa take yi a ɓoye: saiwar bishiya da ramukan dabbobi suna buɗe wa ruwa hanya, yoyo yana kwashe ƙasa daga ciki, in kuma mafitar rarar ruwa ta toshe, ruwan sama mai ƙarfi zai haura ta kai ya zaizaye ta cikin sa'o'i. Madatsar Ka Loko da ke Hawaii, mallakar wani attajiri, tana ɗauke da lakabin ƙaramin haɗari lokacin da ta ɓalle a watan Maris na 2006 ta kashe mutum 7, bincike kuma ya nuna an cike mafitarta da ƙasa. Ta Kelly Barnes a jihar Jojiya ta hallaka mutum 39 a Nuwamban 1977. Tun a 1889, tafkin shaƙatawar wata ƙungiyar attajirai, cikinsu har da Andrew Carnegie, ya afka wa garin Johnstown, mutum 2,209 suka mutu. Kafin nan an rage tsayin madatsar, an kuma sa raga a mafitarta don kada kifi ya tsere.

Masu madatsun suna da ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ba su suka gina gidajen ba, me zai sa a ɗaga matsayin madatsarsu a ɗora musu kuɗin faɗaɗa mafita da tsarin ko-ta-kwana? Lallai hukumar da ta ba da izinin gini a hanyar ruwa ya kamata ta ɗauki kasonta. Sai dai ruwan na mai tafkin ne, shi ke morarsa, kuma wanda gyara ya fi ƙarfinsa yana iya rage ruwan ko ya rushe madatsar. Masu cewa injiniyoyi sun yi kaɗan, gara a mai da hankali kan manyan madatsu, su ma akwai amsa: gano sabon gida a ƙasan kwari ba ya buƙatar injiniya ya taka wurin. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna shi, kuma ofishin da ke ba da izinin gini yana iya sanar da masu kula da madatsu kafin a sa hannu a takarda.