Baƙo a Alƙahira da Jirgin Kogin Nilu

'Yan'uwa masu karatu, filinmu na wannan mako zai leƙa birnin Alƙahira ne, inda mutanenmu ke yawan zuwa, waɗansu neman ilmi a Azhar, waɗansu neman magani, waɗansu kuwa fatauci. Da wuya baƙo ya kwana biyu a birnin nan ba a yi masa tayin shiga jirgin ruwa da dare ba, domin ya ci abinci yana kallon gari daga tsakiyar Kogin Nilu. Ma'aikatan masauki su kan yi wannan tayi, haka direbobin tasi, balle masu tsayawa bakin gaɓa suna kiran mutane.

Yawon kansa ba abin ƙi ba ne. Wanda ya bi kogin da dare zai ga Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, wadda aka gama a 1961, da gadar Ƙasarun Nil mai zakunan tagulla a bakinta, wadda aka buɗe a 1933. Idan jirgi ya yi kudu zai gitta tsibirin Rauda, inda ma'aunin ruwan Nilu yake, wanda aka gina a 861 zamanin Halifa Mutawakkil, domin a san cikar kogi a kuma yanka harajin noma gwargwadonta. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 ambaliyar shekara-shekara ta daina isowa birnin, saboda haka ruwan a kwance yake.

Sai dai jirgi ya sha bamban da gidan abinci na tudu ta fuska guda. A tudu, idan mutum ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya tashi ya fita. A jirgi kuwa, da zarar an saki igiya to ya zauna ke nan har kusan sa'a biyu, ko ya so ko ya ƙi, shi da iyalinsa. Don haka duk binciken da za a yi, a yi shi tun ba a biya kuɗi ba.

Da farko a tambayi abin da ake yi a cikin jirgin. Galibin manyan jiragen nan suna da makaɗa da mawaƙa, da mai rawar tannura, watau namiji mai juyi da faffaɗan buje mai launi-launi, sa'an nan da mace mai rawar kwankwaso cikin suturar da ba ta rufe jiki. Da yawa kuma suna sayar da giya. Dillali ya kan taƙaita duk wannan da cewa wasan gargajiya ne, don haka kada a ji nauyin tambaya filla-filla: akwai mace mai rawa? Ana kawo giya teburi? Hani ya tabbata a kan zama a teburin da ake shan giya, ko da mutum ba ya sha. Waɗansu jiragen suna da bene a buɗe inda mutum zai iya keɓewa, amma mai hankali ba ya biyan kuɗin wurin da zai ƙare da ɓuya a cikinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu shi ne lokacin salla, kuma nan ne ake yawan yin sakaci. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Alƙahira wajen ƙarfe 5 na yamma, a watan Yuni kuwa sai kusan ƙarfe 8, domin tun 2023 Masar ta koma ƙara sa'a guda a agogonta lokacin zafi. Ke nan jirgin da ya tashi ƙarfe 7 da sanyi ya bar Magariba a baya, amma da zafi a tsakiyar ruwa za ta same shi. A mashhurin zance na mazhabar Imamu Malik, zaɓaɓɓen lokacin Magariba gajere ne, gwargwadon a yi tsarki a yi ta. Rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya kuwa na matafiyin tudu ne, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil. Salla a jirgi ta inganta, amma a tsaye ga mai iko, yana fuskantar alƙibla, wadda take kudu maso gabas daga Alƙahira, yana kuma juyawa idan jirgi ya juya. Yin haka tsakanin tebura ga kiɗa na tashi abu ne mai wuya. Mafi sauƙi shi ne a zaɓi jirgin da zai tashi bayan an sallaci Magariba a tudu.

Na uku, tsaron rai. A watan Yuli na 2015 wani jirgin dakon kaya ya yi karo da ƙaramin jirgin 'yan biki da dare a Warraƙ, arewacin birnin, mutum fiye da 30 suka rasu, cikinsu har da yara. Saboda haka a dubi rigunan ceto da ido, a dubi fitilu, a kuma dubi yawan jama'a. Jirgin da aka cika maƙil, a bar shi ya tafi komai arharsa.

Na huɗu, kuɗi. Abincin dai ba shi da matsala, ga kifi da kaza da shinkafa, ga zoɓon da su ke kira karkade. Amma sau da yawa kuɗin abin sha, da haraji, da ladan hidima ba sa cikin farashin da aka ambata da fari. A nemi jimla a rubuce, a kuma san ko kuɗin motar kai da komowa na ciki.

Wanda bai sami amsar da ta kwantar masa da rai ba, akwai wata hanya. Ita ce faluka, kwalekwale mai filafilai wanda iska ke turawa, ana hayarsa da sa'a a gaɓar Ma'adi da ta Gadin Siti. Mutum ya shiga da iyalinsa kaɗai bayan La'asar, da abincin da ya saya a gari, ba kiɗa sai wanda ya nema, ya sauko dab da kiran salla. A tuna dai ba ta da makewayi, kuma a daidaita ciniki tun a gaɓa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙi rigar sanyi, domin iskar kogi tana da kaifi.

Magidanci shi ne abin tambaya a kan inda ya kai iyalinsa, a gida ko a baƙunta. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda. Wassalam.